Kwanukan Lantana

Shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, yawancin ma'aikata su kaɗai suka zo. Wannan ya bar iyalinsa a can saboda makarantar yara, wancan ya mayar da nasa Kano ko Zariya, ya ce sai ya ga kamun ludayin garin tukuna. Amma Lantana ta ce ita kam ƙafarta ƙafar mijinta. Badaruddeen ya yi lallashi har ya gaji. Ya kwatanta mata cewa garin ba kowa, titi ne fetal da duwatsu da gine-ginen da ba a gama ba. Ta ce ta ji. Ɗansu Mubarak yana jami'a a Zariya, 'yarsu Khairat tana makarantar kwana a Kano, to wa za ta zauna wa? Mutumin da ko ruwan shayi ya ɗora sai ya ƙone, shi za ta saki ya tafi daji shi kaɗai? Haka aka loda tukwanenta da turminta a bayan babbar mota, ta shiga gaba ta zauna.

Aka ba su gida a Garki, a hawa na biyu na wani bene da ƙamshin fenti bai gama fita daga jikinsa ba. Gida mai kyau, ba ƙarya, ga famfo ga lantarki. Sai dai shiru. A Agege inda suka baro, gidan haya ne babba cike da 'yan Kano, 'yan goro da 'yan tireda da matansu da 'ya'yansu, kasuwa kuma a bakin ƙofa. Da hantsi za ta leƙa ta yo cefanen ranar, mai kayan miya ya san irin tattasan da take so tun kafin ta yi magana. A nan kuwa in albasa ta ƙare maka ranar Talata, sai dai ka yi haƙuri.

Dole ta koyi cefanen sati. Kowace Asabar da safe Badaruddeen zai tayar da tsohuwar fijonsa su nufi Suleja, domin Lantana ta leƙa kasuwar cikin gari sau ɗaya ta ce wannan ba kasuwa ba ce, wurin wanke ma'aikata ne. A hanya take tsara girkin sati da baki, shi kuwa nasa "to". Lahadi miyar taushe, tun kabewa da alayyafo suna da ransu. Litinin shinkafa da wake da mai da yaji. Talata ɗanyar kuɓewa, don ba ta jira. Abin da ba ya lalacewa, irin su kuka da busasshiyar kuɓewa, sai a ture su can ƙarshen sati lokacin da kwando ya fara ganin ƙasa. In ya kuskura ya ce yana sha'awar taushe ranar Alhamis, sai ta tambaye shi ko shi zai roƙi alayyafon ya jira shi.

A kasuwar yana biye da ita da kwando, babban jami'in gwamnati guda, yana kallo tana latsa tumatir tana shinshina daddawa tana yi wa mahauci tsiya a kan ƙashi. Doya a wurin matan Gwari take saye. A wurin wata mata daga Ushafa ta sayi tukunyar ƙasa, ta ce miyar kuka ba ta yin daɗi a ƙarfe. Shi dai ranar Asabar ce ranar da ya fi so, ko da yake bai taɓa faɗa mata ba.

Matsala ɗaya ce, hannun Lantana bai iya awon mutum biyu ba. Shekara da shekaru tana tuƙa tuwon da za a ci a miƙa wa na kusa, yanzu a ce mata gwangwani ɗaya na gari ya isa? Za ta auna daidai, ta juya, sai hannun ya koma ya ƙaro da kansa. Kullum bayan isha'i ga malmala nan a kwance. A yi ɗumame da safe, ya ragu. Zubar da abinci kuwa ba a gidanta ba. Sai ta yi abin da kowace mace mai tarbiyya za ta yi, ta zuba wa maƙwabta.

Maƙwabtan duk gwauraye ne na dole. A sama akwai Alhaji Nababa, Bazazzagi, wanda shi ne ogan Badaruddeen a ofis. Kusa da shi Malam Abdulmajeed, Bakatsine, akanta. A ƙasa kuma Kure, injiniya, mutumin Kagoro. Matansu duk suna gida, su kuwa daga burodi da shayi sai kifin gwangwani. Ba yaron aike a benen, kuma matar aure ba ta ƙwanƙwasa wa maza ƙofa, don haka ɗan aiken Badaruddeen ne. Ya ɗan yi ƙunƙuni a kan yadda zai riƙa hawa da sauka da kwano kamar ɗan talla. Ta ce masa matakalar ba ta san muƙaminsa ba, ya ɗauka ya kai tun da zafi.

To, kowa ya san yadda ake yi. In maƙwabci ya aiko maka da abinci, ka ci, ka wanke kwano, ka saka wani abu a ciki, ko da ƙuli-ƙuli ne, ka mayar. Ba don ana bukata ba, don a san an ji daɗi ne, kuma hanya ta buɗe tsakanin gida da gida. Lantana ta jira kwanonta washegari, shiru. Ta ce wataƙila aiki ne ya yi musu yawa. Ta zuba a wani ta aika. Shi ma shiru. Sati ya juyo, samirunta masu murfi suna ta ficewa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta san hanyar dawowa.

Ta tambayi mijin me suke cewa in ya kai. Ya ce suna godiya ƙwarai, suna sa albarka. To kwanukan fa? Ya ce za su dawo. Ta ce ya tambaya mana. Ya zaro ido, ya ce shi ya dubi ogansa ya ce masa ina kwanona? Ya fi masa sauƙi ya sayo wasu.

Da kwanuka ne kawai da da sauƙi. Sai mutanen suka fara gudunta. Ran nan ta yi kiciɓis da Alhaji Nababa a gindin bene, ta rusuna tana gaishe shi, ya amsa kansa a ƙasa ya haye da sauri kamar an biyo shi, mutum mai wannan jiki. Kure ya fito zai shiga motarsa, ya hango ta tana shanya barkono, ya juya ya koma ciki wai ya yi mantuwa. Malam Abdulmajeed kuwa sai dai ta ji ƙarar takalminsa, in ta buɗe ƙofa ya ɓace.

Lantana ta zauna ta haɗa lissafinta, ya fito mata a kan abu ɗaya: ba sa son abincinta. 'Yan boko ne, sun saba da na otal, tuwonta ƙauyanci ne a wurinsu. Ƙila ma zubarwa suke yi, shi ya sa suke jin nauyin haɗa ido da ita. Abin ya tsaya mata a rai, domin a duniya in akwai abin da take taƙama da shi, to hannunta ne. Ta fara ɗanɗana miyarta tana zarginta. Ta rage daddawa. Ta ƙara nama. Ta rushe tsarin satin gaba ɗaya, ta shigo da dafa-duka, ta kirɓa sakwara saboda Kure, har wainar shinkafa ta yi ran Juma'a. A ƙarshe ta ciro langar da mahaifiyarta marigayiya ta saka mata a kayan ɗaki, mai jan fure, wadda ba ta fito da ita sai da salla, ta cika ta da tuwon shinkafa ta aika wa Alhaji Nababa. Ta ce ko dutse ne ya ga wannan langar ai ya san an girmama shi. Langa ma ta bi sahu.

Wuni guda ba mai yi mata sallama. Rediyo take buɗewa tana amsa wa masu gaishe-gaishe. Wata ranar Laraba Badaruddeen ya dawo daga ofis ya tarar da ita zaune a kan turmi a kicin, tana kuka ba sauti, tuwonsa a rufe da murfin tukunya saboda babu sauran kwano mai murfi a gidan. Sannan ya ce, a hankali, ko za ta koma Kano wurin Hajiyarsa, ga 'yan'uwa ga Khairat kusa, shi kuma ya riƙa zuwa ƙarshen wata kamar yadda kowa yake yi.

Abin da take tsoro ke nan tun daga Legas. Tun aurensu ba su taɓa raba gari ba, kuma ta ga yadda zuwan ƙarshen wata yake komawa zuwan salla. Amma ta gaji, kuma ta ɗauka shi ma ya gaji da ita da rigimar kwanukanta. Ta ce to. Shi ma da ya ji ta ce to ba musu, sai ya ɗauka dama jira take yi. Aka tsayar da ranar Lahadi.

Sauran kwanakin a kicin ta yi su. Ta daka masa yaji, ta yi dambun nama, ta soya miya ta ƙafe ta yadda za ta yi kwanaki. Tana yi tana nuna masa inda komai yake, yana cewa to, ba wanda yake kallon wani. Asabar ta zo ba a je Suleja ba. Bayan la'asar ta zuge jakarta, ta fito falo ta tsaya a kansa.

"Baban Khairat, sauran kwanukan na yafe. Amma langar Inna ba zan bar ta a garin nan ba. Ko oganka ne ko ogan duniya, ka hau ka karɓo min."

Ya ga fuskarta ba wasa. Ya sa hula ya fita, yana tafe kamar wanda aka aika karɓo bashin suruki.

Shiru-shiru bai dawo ba. Rana ta yi sanyi. Ta ji ana hawa da sauka a matakala, ana buɗe ƙofofi ana rufewa, ta ce ko me ake yi oho. Can sai ƙauri ya fara saukowa, ƙaurin tuwo da ya kama, irin wanda yake tayar wa mace hankali ko ba a gidanta ba ne. Ta duba kicin ɗinta, ba komai a wuta. Ta leƙa, ta ga hayaƙi yana fitowa daga ƙofar Alhaji Nababa. Ba ta tsaya tunanin abin da ya dace da wanda bai dace ba, ta figi mayafi ta haye.

Ƙofar a buɗe take. Ta yi sallama, ba wanda ya ji, saboda musu ake yi a kicin a kan ko ruwa ake ƙarawa ko gari. Ta shiga falon. A kan teburin cin abinci ta fara ganinsu: kwanukanta, duka, har da waɗanda suka tafi wurin Kure da Malam Abdulmajeed, an wanke su tas an jera, langar Inna a tsakiya an shimfiɗa mata farin ƙyalle.

Ta ƙarasa bakin kicin. Alhaji Nababa, ba hula, ya naɗe hannun riga, ya riƙe kunnen tukunya da tawul. Kure yana tuƙi da ludayin miya, gumi har gemu. Malam Abdulmajeed yana kaɗa kuka da cokali mai yatsu, ta dunƙule masa. Mijinta kuwa, mijinta na kanta, yana tsaye da kwanon gari yana barbaɗawa, gaban rigarsa fari fat. Shi ya fara ganinta. Ɗaya bayan ɗaya suka yi tsit, tuwon kaɗai yake ɓal-ɓal.

Alhaji Nababa ya saki tukunya, ya goge hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Hajiya, ki yafe mana. Wallahi ba raini ba ne. A gidanmu ba a mayar da kwano wayam, haka tsohuwa ta tashe mu. To me nake da shi? Kwanon da ya zo da miyar taushe, in mayar miki da shi da kifin gwangwani?"

Daga nan bayani ya ɓalle, kowa yana katse kowa. Alhaji ya ce jira yake uwargidansa ta zo ta yi abin kirki a mayar, zuwan nata kuma kullum sai an ɗaga. Malam Abdulmajeed ya ce shi har ya sa an aiko masa da dambun kaza daga Katsina musamman saboda ita, ya ce bari ya ɗanɗana ya ji ko bai lalace a hanya ba, bai farga ba sai ƙasan leda ya gani. Kure ya ce yana da acca mudu guda da ya kawo daga gida, amma ya ga rashin mutunci ne a kai wa mace ɗanyen abu bayan ita dafaffe ta aiko. Kwano na farko ya kwana, na biyu ya zo ya same shi, kunya tana ƙaruwa. Su ce a daina aikowa kuma ba za su iya ba.

"Madam, abincinki ne yake riƙe da mu," in ji Kure. "Tun daga ofis nake tunani yau wane miya ne. Ranan da ba a aiko ba, ruwa nake sha in kwanta."

Sai ɗazu da Badaruddeen ya hau, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa wa ogansa cewa langa ake nema, mai ita za ta koma Kano gobe, kuma ga dalili. Alhaji ya yi salati, ya aika aka kira sauran. Suka yi rantsuwa ko me za a yi kwanukan nan ba za su sauka wayam ba. Aka tattaro garin masara a wurin wannan, kuka a wurin wancan, aka hana Badaruddeen tafiya, wai shi ne ya fi su ganin yadda ake yi.

Kai, maza! Lantana ta ji wani abu ya taso mata, ta rasa dariya ce ko faɗa, sai faɗan ya riga fita. Ta ce wata da watanni tana zargin hannunta, ta rage daddawa ta ƙara daddawa, tana kwana tana tunanin abin da ta yi musu, ashe manyan mutane ne suke wasan ɓuya da ita a matakala saboda kwano. Ta ce ko albasa ɗaya suka jefa a ciki ai da ta san da mutane take zaune. Suna tsaye suna ji. Malam Abdulmajeed sai gyaɗa kai yake yi kamar ana karanta masa laifinsa a kotu.

Da ta yi shiru, Alhaji Nababa ya je ya ɗauko langar. Ya kwashi tuwon da ludayi, ya kauce wa inda ya ƙone iyakar iyawarsa, ya zuba miyar a gefe, ya rufe. Ya miƙo mata da hannu biyu.

Ta buɗe. Tuwo duk gudaji, gefe ɗaya ɗanye gefe ɗaya baƙi, miya kuma tsululu da ƙulalai suna iyo. A gidan kowa aka kai wannan, kaji za a ba. Lantana ta nemi ruwa ta wanke hannu, ta zauna a bakin kujera, ta juya musu gefe saboda kunya, ta yi bisimilla. Ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu. Gishiri kamar da gayya. Amma tun da ta zo garin nan wannan ne abinci na farko da wani ya dafa dominta, kuma daɗin hakan ya cika mata ido da hawaye. Sai da ta ci rabi ta rufe, ta ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi, kamar yadda ake faɗa.

Ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce daga yau ɗanyen ma ta karɓa, Kure ya sauko mata da accarsa a yi fate. Kuma wannan wahalar ta isa haka, kowa ya zo da kwandonsa ranar Asabar a tafi Suleja tare, ita za ta faɗi abin da za a saya, su nasu ɗauka. Alhaji Nababa ya ce motarsa ta fi girma, da ita za a je.

Aka loda wa Badaruddeen kwanukan har haɓa, ita ta riƙe langarta. Suna saukowa ana kiran magariba a masallacin unguwa. A tsakiyar matakala, inda ba mai jinsu, ya tsaya.

"Kin ce Asabar. To motar gobe fa?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ya ce shi fa bai taɓa son ta tafi ba, kukanta ya gani ya rasa yadda zai yi, kuma tun ranar Laraba abinci ba ya wuce masa.

"Ni ma da na ce to," in ji ta, "jira nake ka ce kar in tafi."

Ya leƙo ta gefen kwanukan, gari har a girarsa.

"Kar ki tafi, Lantana."

"Sai yanzu?"

Ta harare shi, hararar da ba ta kai zuci ba, ta wuce gaba ta buɗe masa ƙofa, domin hannuwansa duka a cike suke.